Susana Mai Daddawa a Birnin Seoul

A Gozaki Susana uku ne, amma in mai daddawa kake nema ba sai an yi maka kwatance ba, hancinka zai kai ka. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana wannan sana'a a wata rumfa ta bayan gidanta, mai murhu biyu da manyan tukwanen ƙasa huɗu da ta gada wajen uwarta. Da kalwa ta fara, da ɗorawa ta yi ƙaranci sai ta koma waken suya. Mijinta Job ya rasu yara suna firamare. Daddawa ce ta riƙe Levi har ya zama malamin makaranta, ita ce kuma ta kai auta Lilian jami'a, daga nan karatu ya kwashe ta zuwa Koriya, inda ta auri wani ɗan Funtua mai suna Habila. Susana mutuniyar kirki ce, kowa ya shaida. Fushinta ne dai ba ya jira a gama gaisawa.

Da Lilian ta haihu cikin watan Agusta, babu halin ta zo gida wanka, sai wankan ya bi ta. Susana ta cika jaka da kanwa da kuka da yaji, ta kwantar da ƙullin daddawa a can ƙasa. Levi ya raka ta har filin jirgi. Ta yini ta kwana a sama tana addu'a, ta sauka, ta ɗauki jika ta yi mata rawa, sannan ta buɗe jaka. Inda ta ajiye daddawa, sai ga ledar dunƙulen kanti.

"Auta, ina ƙullin da ke ƙasan jaka?"

"Mama, ni na ce Yaya Levi ya cire," in ji Lilian. "Ba a shigowa da irin wannan abin. Kuma gidan nan hawa ashirin ne, ko albasa kika soya na sama sai ya ji."

"Irin wannan abin. Sunan ne ya yi miki nauyi a baki?"

Lilian ta yi kamar jaririya ce ta kira ta.

Damina Susana ta tarar, mai zafi kamar an kifa wa gari tukunya. Ruwa ya zuba ya ƙi sanyaya komai, wasu ƙwari a kan bishiyoyi suna ƙara kamar injin niƙa. Ta yi wa 'yarta wankan jego ba ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta kaɗa miyar kuka wadda ita kanta ta ce in a Gozaki ce sai ta ba akuya haƙuri kafin ta zuba mata. Wata maƙwabciya ta kawo miyar ganyen teku, wai ita ake ba mai jego a nan. Susana ta kurɓa, ta juya harshe, ta ce mutanen nan sun san mai jego na son miya, iyakar saninsu ke nan.

Da aka yi arba'in Lilian ta fita da ita ganin gari. Suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka ɓullo a wata tsohuwar kasuwa mai rufi, layi bayan layi, kifi a nan, busasshen barkono a can, tsummoki da kwanoni a gaba. Nan ne kawai Susana ta ji kamar tana cikin mutane, don mata ne ke zaune bakin kaya suna kiran ciniki. Lilian ta saya mata wani abu kamar tuwon shinkafa da aka mulmula dogo-dogo yana iyo cikin jan yaji. Ta ɗanɗana ta ji sukari, ta tambaya ko wane laifi barkono ya yi musu. Fanke mai narkakken sukari a ciki kuwa ta ci biyu, tana cewa ba don daɗi ba ne, don kada a zubar.

Suna cikin tafiya sai hancinta ya tsaya, ƙafa ta bi shi. A ƙarshen layi ga wata tsohuwa mai gajeren gashi a nannaɗe, zaune bayan awara fara fes, da wasu curi-curi masu launin ƙasa. Ba sai an gaya wa Susana ba. Daddawar wake ce, ɗanya, a tsakiyar birnin da aka ce ba a shigowa da irin wannan abin, ga mata masu jakunkuna suna layi a kanta. Tsohuwar ta ga yadda baƙuwa ke kallo, ta tsakuro ta miƙa mata. Lilian ta yi 'yar magana da yaren ƙasar.

"Me kika ce mata?"

"Na ce ke mahaifiyata ce, 'yar kasuwa."

"'Yar kasuwar me?"

"Kayan abinci."

Har suka koma gida Susana ba ta sake cewa uffan ba, abin da Habila ya ce ya fi tsoratar da shi a kan faɗanta.

Kaka ta shigo. Bishiyoyi suka koma ja da rawaya, mutane suna ta ɗaukar hoton ganyen da ke shirin mutuwa. Wata bishiyar bakin titi tana zubar da 'ya'ya masu ɗoyi kamar ruɓaɓɓen man shanu, kowa na takawa yana wucewa, ba wanda ya ce a sare ta. Susana ta lura da wannan, ta ajiye shi a rai. Cikin wannan lokaci ne saƙon murya ya shigo wayarta daga Adama, maƙwabciyarta ta Gozaki: "Maman Levi, ina taya ki murna. Na ga an jibge bulo a ƙofar gida. Levi ya ce da an gama shigar da masara za a rushe rumfar, a gina miki shagon tireda. Auta ta yi ƙoƙari."

Susana ta saurara sau uku. Sannan ta je kicin ta kunna wa Lilian na huɗu.

"Mama, so muka yi ki koma ki tarar," in ji Lilian. "Hayaƙin nan ya gama da idonki. Tari kike yi kullum. Ki zauna a shago, ki sayar da sabulu da madara, ki huta."

"Wa ya ce muku na gaji?"

"To mu mun gaji. Kin san sunan da ake kirana da shi a sakandare? Ba wanda ke yarda ya ajiye akwatinsa kusa da nawa."

"Akwatin da wa ya saya?" Susana ta dafa tebur. "Wannan warin kika hau kika zo nan, Auta, ba jirgi ba. Wato kiran wanka kuka yi mini don ku sami fili ku rushe ni. Kira yayanki ki ce ya bari."

"Ba zan kira ba, Mama. Don ke muke yi."

Susana ta kira Levi da kanta. Ya ce yana aji. Ta sake kira, ya ce yana coci. Ran Talata.

Daga nan ta fara fita ita kaɗai. Tasha biyar ce zuwa kasuwa, ta ƙirga a yatsu. Takan tsaya wajen tsohuwar, wannan ta yi yarenta, waccan ta yi Hausa, su rabu kowa ya gamsu. Sanyi ya sauko, irin wanda ke cizon kunne. Masu gasa dankali suka fito da gangunansu, ana toya wani biredi mai siffar kifi wanda babu kifi a ciki sai wake mai zaƙi, abin da Susana ta kira zamba cikin aminci. Ranar da ƙanƙara ta fara zuba kamar ana sheƙe auduga, ta dawo gida da buhun waken suya ƙarami.

Ta riga ta gano wani abu: daɓen gidajen nan ɗumi ne da shi, ta ƙarƙashi ake hura shi. Mai daddawa kuwa ba ta ganin ɗumi ta wuce. Ta jira Lilian ta tafi makaranta, ta dafa wake ya yi luguf, ta juye a kwando, ta kai ƙuryar ɗakin da take kwana, ta lulluɓe da bargon Habila na sanyi. Kwana ɗaya lafiya. Kwana biyu Habila ya ji wari, ya duba ko jaririya ce. A rana ta uku aka liƙa takardar ƙorafi a cikin lif ɗin hawa bene, mai gadin gidan ya zo da kansa yana sunkuyar da kai, hannu ɗaya a hanci, yana tambaya cikin ladabi ko wani abu ya mutu.

Lilian ta yaye bargo, ta tsaya, idonta ya ciko. "Mama, so kike a kore mu? Yanzu zan kai shi shara."

"Taɓa ki gani."

Susana ta ɗaure kwando da zane, ta yi gammo, ta ɗora a ka, ta fita cikin ƙanƙara. Lilian ta goya jaririya ta bi ta a guje. A cikin jirgi ba su taɓa samun wurin zama mai faɗi irin na ranar ba.

Tsohuwar kasuwa ta kwance zanen, ta sa cokali ta ɗaga, wake ya biyo da zare-zare masu yauƙi. Ta shinshina, ta gyaɗa kai, ta kama magana tana kallon Lilian.

"Fassara," in ji Susana.

"Ta ce ya nuna daidai. Ta ce da kin sa karan shinkafa a ciki da ya fi."

"Gaya mata mu ganye muke sawa. Ci gaba."

"Ta ce haka uwarta take yi, a daɓe, ƙarƙashin bargo. Amma ta ce a gidan sama ba a yi, ko ita 'ya'yanta sun kore ta da shi."

"Wannan ba sai kin fassara da ƙarfi ba. Yanzu gaya mata sana'ata. Da sunanta."

Lilian ta faɗa, har da zancen rushe rumfar da hayaƙin da ke cin idon uwarta. Tsohuwar ta tafa hannu, ta jawo kujera ta zaunar da Susana, sannan ta juya kan Lilian da wata doguwar magana har da nuna yatsa.

"Me ta ce?"

"Ta ce ɗanta ma so yake ta rufe rumfa."

"Maganar ta fi haka tsawo."

"Ta ce ta gaya masa ran da ya rushe, ya haɗa da takardar digirinsa ya zuba a ramin, tunda tushensu ɗaya." Muryar Lilian ta yi ƙasa. "Ta ce in ciwon idonki ne damuwata, hayaƙi ake fitarwa, ba uwa ba."

Susana ta miƙa mata waya. La'asar ce a Seoul, safiya a Gozaki, Levi ba shi da aji ba shi da coci. Lilian ta ajiye ta uwar, ta kira da tata wayar, ya ɗauka nan take.

"Yaya, a dakata da rumfar."

Levi ya ce ai jiya aka cire rufi, an fasa murhu ɗaya, kuma wajen fitar da kaya tukunya guda ta kuɓuce.

Susana ta fizge wayar. "Wacce?"

"Mama, ina kwana. Babbar ce, mai baƙin wuya."

"Ita uwata ta fara saya. Ta girme ka, Levi, kuma ta fi ka amfani."

"Mama, bulon fa?"

Lilian ce ta amsa, a hankali, ta ce a mai da rufi, a yi wa rumfar bango da bulon, a bar manyan tagogi, a gina murhu mai bututun hayaƙi. Susana ba ta ce an gode ba. Ta karɓi turmi da taɓarya wajen tsohuwar, ta hau dakan waken da gishiri da barkono, da ƙarfin da ya sa masu rumfunan kusa suka leƙo.

Cikin Fabrairu ta koma Gozaki, ta ci gaba da sana'a da tukwane uku. Tarin ya ragu, ko da yake ba ta yarda bututu ne ya rage shi ba. Gindin fasasshiyar tukunyar kuwa da kanta ta kai shi gidan Levi, ta ajiye daidai ƙofar ɗakinsa, ta ce a riƙa zuba wa kaji ruwa. Kowace safiya sai ya tsallake shi zai tafi makaranta, kuma har yanzu bai sami ƙarfin halin matsar da shi ba.