Mai Rubutu Tana da Gemu

Na gama kwaleji a shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Makiyaya suka gangaro Gazawa, yawancinsu sai sanda ba shanu, suka kafa bukkoki bayan kasuwa. Da jar dawar taimako ta iso, aka nemi masu iya rubuta sunaye. Mu biyu aka samu: ni da wani magidanci mai gemu wanda ba ya rabuwa da dorina. Shi yana rubuta maza a bayan mangaza, ɗakin ajiyar dawar, ni ina rubuta mata a gaba.

Ran wata Talata da hantsi, kaina na cikin kaye, littafin sunayen, na ji layi ya watse. Na ɗaga ido, sai ga matan unguwarmu da taɓare da muciyoyi. A gabansu gwaggo mai daddawa ce, wadda ta san ni tun ina goye. A tsakiyarsu wata Bafillatana tana riƙe da ɗiyarta, yarinya ƙarama, bayanta duk shatin bulala. Laifinta ta tsinci ƙwayar dawa da ta zube ƙarƙashin mota.

"Faɗi, Inna," in ji Gwaggo, "wa ya yi mata haka?"

"Mai rubutu," in ji matar. "Ita ta buge shi."

Duk idanu suka dawo kaina.

"Ke? 'Yar lakol! Abin da aka koya muku a makaranta ke nan?"

Na buɗe baki in rantse, Hausa ta gudu ta bar ni, sai faransanci ke zubowa.

"Kun ji ko? Har zaginmu take da nasaranci!"

Taɓaryar Gwaggo ta riga ta tashi sama lokacin da aka busa usur. Shef ne, tsohon jandarman da aka kora daga aiki, wai don ya taɓa kulle na sama da shi a kaso. Tun daga nan yake zaune a tasha yana binciken ɓatan awaki, ladansa goro. Ya ratso matan yana jan silifa, ya duba bayan yarinyar, fuskarsa ta canza. Ni ko kallona bai yi ba. Ya tsuguna gaban uwar.

"Inna, ina mijinki?"

"Ta tafi kudu da sauran shanu."

"Babanki fa?"

"Ta rasu bara, Allah jiƙan ta."

"Amin. To, mai rubutun nan da ta bugi ɗiyarki, tana da gemu?"

"Tana da shi mana. Har nan." Ta dafa ƙirji.

Gwaggo ta sauke taɓarya, ta matso, ta kama haɓata ta shafa, ta juya ta dama da hagu.

"Babu," ta gaya wa sauran, kamar ba ta ji daɗi ba.

Suka kwasa sai bayan mangaza. Shef ya ɗaga murya: "Doka ta ce in kai shi ofishin jandarma na Agiye da hannuna! Ku jira in ɗaure takalmi!" Ya zauna kan buhu, ya sunkuya kan silifar da ba ta da igiya, ya yi ta ɗaurewa har azahar.

Ba su karya shi ba. Tiyar dawa suka ɗebo daga rabonsa, suka watsa cikin rairayi, suka sa shi ya durƙusa cikin rana yana tsinta ɗaya ɗaya yana sa wa yarinyar a ƙwarya. Gwaggo na tsaye kansa da dorinarsa. In ya haɗa da tsakuwa, a juye a sake.

Ni dai daga kujera nake jin komai. Bafillatanar ta zo ta dafa kafaɗata.

"Yi haƙuri," ta ce. "Kai yaron kirki ne."

Na ce na gode.

Bayan salla mata suka dawo layi kamar ba a yi komai ba. Gwaggo ce ta farko, taɓaryar na jingine a kafaɗarta.

"Rubuta ni, ɗiyata. Mu tara ne a gida."

Gidansu na kallon namu, na san su shida ne. Na rubuta tara.