Ɗakin Surukin Manaja

A aji huɗu na firamare na tsaya, ba na ɓoyewa. Duk da haka shekara tara na yi a teburin karɓar baƙi na wani masauki a Unguwar Rimi, ban taɓa barin mutum tsaye da akwati ba. Kama ɗaki a lokacin ba wuya. Babban mutum zai aiko direbansa ya ce, "Alhaji na tafe ran Laraba." Shi ke nan, magana ta zauna a kaina.

Sai aka kawo mana sabon manaja, ɗanyen yaro, dawowarsa ke nan daga Ingila. Ranar farko ya buɗe littafin ɗakuna ya bi Turancina da jan biro. Wai 'yan ƙananan kalmomin nan da ake sakawa gaban suna da gaban rana duk na jirkita su. A yadda na rubuta, in ji shi, Laraba ce za ta kwana a ɗakin, ba Alhaji ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ɗakin ya san mai shi."

Ko murmushi. Ya kafa doka: ba ɗaki sai da wasiƙa, da Turanci. In na sake karɓar saƙon baki, akwai mai takardar sakandare da ke jiran kujerata.

Ba a yi wata ba wani direba ya zo daga Katsina ya ce Alhaji na tafe ran Asabar. Na san Alhajin sarai, uban matar manaja ne, kuma don kunya ba ya kwana gidan 'yarsa. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Ɗaki ɗaya ya rage, na ba wani ɗan kwangila da ya aiko wasiƙa bugun tafireta.

Asabar da la'asar sai ga dattijo. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na tambayi wasiƙa.

"Wasiƙar me? Kai, ba ka gane ni ba ne?"

"Na gane ka, Baba. Dokar manaja ce. Kuma da Turanci ake so."

"Kira min shi."

Manaja ya fito, ya ga ko wane ne, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a kan tsakuwa da kwat ɗinsa.

Dattijo ya ce, "Ashe sai na koma makaranta kafin in kwana a Kaduna? Kai da ka zo neman 'yata, wasiƙa kuka kawo ko goro?"

Manaja ya miƙe. Da hannunsa ya fitar da teburin ofishinsa, muka shigar da gado.

Ran Litinin doka ta mutu, direbobi suka ci gaba da kawo saƙo da baki. Amma kujerar ban tsira da ita ba. Aka mayar da ni sito, can na ƙarasa aikina ina shanya katifu ina kashe kuɗin cizo. Da za a sake, haka zan ƙara yi.