Baba Latifou, Sun Tsallake Shuɗin Layinka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran Baba Latifou Adechokan, mai gyaran famfon gidanmu na haya a Akpakpa, bayan jinyar da ya ɓoye mana har ta kayar da shi. Ni ɗan zemijan ne, wato ɗan acaɓa, babur ɗin haya na sani ba alƙalami ba, kuma tun a firamare ni da makaranta muka rabu baram-baram. Wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi haƙuri, mai gyara mini abubuwa ne ya tafi.

Baba, ka tuna ranar da famfon banɗakinmu ya fara ɗiga, na ɗaure shi da robar tayar babur, na kira matata Iya Moulika ta zo ta ga irin mijin da Allah ya ba ta? Ba ta ƙaraso ba famfon ya tsinke, ruwa ya bi ta ƙofa ya jiƙa mata buhun gari. Ka zo da sifanarka, ba ka yi mini dariya ba sai da ka gama aikin. Sannan ka zaunar da ni ka koya mini canza robar famfo da hannuna.

Ran nan na tambaye ka ko doka ta ce sai mai takarda irinka zai taɓa famfo. Takardar da maigidanka ya ba ka ranar da ya yaye ka tana rataye a shagonka, kowa ya santa. Ka ce, "Injiniyan taya, ban taɓa ganin an kama mutum don ya canza kan famfo ba. Abin da idonka ke gani, gyara abinka. Abin da ya shiga ƙasa, ka kira ni. Ƙasar nan yashi ce, abin da ka zuba mata yau, gobe a guga za ka same shi."

Shi ya sa ka zagaye rijiyar gidan da layin shuɗin fenti, ka ce bututun masai ba zai tsallaka shi ba kana raye. Duk shekara kafin damina kakan zo ka sabunta shi ba wanda ya aike ka. Idan famfo ya ɗauke, rijiyar nan muke sha, mu da 'ya'yanmu.

Baba, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba Codjo, maƙwabcina na ɗakin ƙurya, wanda ka hana sau da yawa, ya kalli yadda ake yi a waya, ya haƙa rami, ya ja bututun sabon masansa ta kan layinka. Na ga haɗin kafin ya rufe shi da yashi. Da robar taya ya ɗaure. Na gane ta, ai fannina ne.

Na ce, "Fofo Codjo, babban yaya, Baba ya hana."

Ya ce, "Baba yana maƙabarta. Kai lauya, kawo mini dokar a rubuce, in ma an ba ka za ka iya karantawa?"

Na nemi wanda zan kai wa ƙara. Mai gidan hayar yana Porto-Novo, ba ya ɗaukar waya.

Tun ranar ake ruwan sama. Rijiyar ta ciko har ana ɗiba da hannu, ruwan kuma garau yake, ba launi, ba wari. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. 'Yata Moulika, wadda kake kira amaryarka, tun safe take zaryar banɗaki, uwarta na cewa mangwaro ne. Allah ya sa mangwaron ne. Na ciro kwaɗon babur ɗina na kulle murfin rijiyar, matan gida suna ta zagina, an ce zemijan ya taɓa mini kai. Karon farko ke nan da na yi abu ba don a yi dariya ba, kuma shi aka fi yi wa dariya.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe kurakuranka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Iya Wassi da 'ya'yanka da duk waɗanda ka yaye, Allah ya ba ku haƙurin rashi. In akwai mai takarda a cikinku, ya zo da shebur.

Gobe za a yi addu'ar kwana takwas a tsakar gidanmu, inda ka fi yawan zama. Duk mai zuwa, don Allah ya taho da ruwan alwalarsa.