Ranar Hutun Injuna

Nagabhushan ya tsufa yana rubuta wa injuna umarni a Bengaluru, kuma duk rayuwarsa abu ɗaya ya sa a gaba: zobe. Haka yake kiran jerin guraben da saƙonni ke shiga su jira, a ɗauka daga kai, a ƙara a wutsiya, ana zagayawa. In ya cika sai a yi babba. Wa'azinsa kullum shi ne, in za a mayar da saƙonnin cikin babban, a kwashe daga kai a bi da'ira, kada a ɗauke su yadda suke kwance. Mun sha wannan wa'azin a gidan biki, mun sha shi a gidan makoki.

Da ya yi ritaya sai ya rubuta wa liftar gininmu nata zoben, kyauta. Ba wanda ya roƙe shi.

Ranar Ayudha Puja, da ake shafa wa kayan aiki jan gari, a rataya musu furanni su huta har washegari, baƙi suka cika ginin, kowa na shiga lifta yana danna benensa. Zoben ya cika a karon farko, ya faɗaɗa. Ashe gwano ba ya jin warin jikinsa: malamin da kansa ya rubuta a ɗauke su yadda suke kwance. Lifta ta rikice, ta hau ta sauka ba ta buɗe ƙofa, ga matarsa Sharadamma a ciki da tukunyar kunun madara.

Gyaran bai taka kara ya karya ba, amma kwamfutarsa na sanye da furanni, tana hutu. Bai taɓa karya al'adar ba, kuma ba zai bar matarsa tana shawagi har gobe ba. Na tausaya masa, ko da yake dariya ta kusa kashe ni.

Ni kaɗai ne Musulmi a ginin, tawa kwamfutar ba ta san hutu ba. Ya tsaya a kaina, hannuwa a baya, yana faɗa ina bugawa, yana yi min faɗa kamar ni na jawo.

Ƙofa ta buɗe. Sharadamma na zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta sha rabin kunun.

"Fito mana," in ji shi. "Na gyara."

"Wa ya aike ka, maigida? Tun asuba nake tsaye ina girkin bikin injunanka. Ni wace shekara aka taɓa rataya min fure aka ce in zauna?"

Ta miƙa hannu ta danna bene na ƙarshe, ƙofa ta rufe.