Tutoci Huɗu a Gonar Roswitha

A ƙauyen nan na gaɓar kogin Mosel gona ba a kwance take ba, a tsaye take kamar katanga. Mai noman inabi da hannu ɗaya yake aiki, ɗayan yana riƙe da turke kada ya gangara. Eka bakwai na irin wannan wahala Roswitha ta gada a wurin mahaifinta Alois tana da shekara talatin da ɗaya. Tun kafin a gama zuwa gaisuwar mutuwa ta kwashe galan-galan ɗin maganin feshi ta mayar wa mai kanti, ta ce daga yau ƙasarta ta daina shan guba.

An yi mata dariya, ni ma da ni aka yi. Takinta kashin shanu ne, maganinta farar wuta da ruwan ganyen da take dafawa a tukunya. Da damina takan goya tankin feshi a baya ta yi ta hawa da sauka har gwiwoyinta su kumbura. Sauran manoma kuwa kuɗi suke haɗawa jirgi mai saukar ungulu ya zo ya feshe dutsen gaba ɗaya. Don kada a haɗa da ita, takan kafa jajayen tutoci huɗu a kusurwoyin gonarta, matuƙin ya gani ya kauce. Sai da ta shekara uku ana bincikenta kafin hukuma ta ba ta koren tambarin da ake liƙa wa kwalba, shaidar cewa babu sinadari a ciki. Farar giyarta ta inabin Riesling ba ta da yawa, ganga tara ce ta katako, amma masu saye har daga Hamburg suke zuwa, don sun san Roswitha ba ta ƙarya.

Gonar da take maƙwabtaka da tata ta Ottmar ce, aminin mahaifinta, wanda ya riƙe ta a coci ranar da aka raɗa mata suna. Kullum da hantsi sukan zauna a kan katangar dutsen da ta raba su, su ci baƙin burodi da cuku.

"Rosi, yau kuma wane shayi kika dafa wa itatuwan? A saka musu sukari?"

"Kai dai Kawu ci burodinka, tun haƙoran ba su ƙarasa zubewa ba."

Shekara goma sha shida suna haka. Sai aka yi wata damina da ruwa ya ƙi ɗaukewa, fumfuna ta kama ganye ta ko'ina. Roswitha ta fesa da safe, ruwa ya wanke da yamma. Gonarta ta ƙasa ta ruɓe tana kallo. Saura ta sama, mai tsofaffin itatuwan da kakanta ya dasa, ita ma ta soma tabo. Ta rame, ta daina zuwa kan katanga.

Wata Talata ta tafi gari ganin likitan gwiwa, ranar kuwa jirgi ya zo. Washegari da ta hau gona, wani wari da ta manta da shi ya tare ta. Tutocin suna nan a kafe, amma ba a ramukansu ba, an cire su an mayar. Ta shafa ganye ta shinshina yatsunta, sai ta zauna a ƙasa. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba, ko ranar da aka binne mahaifinta.

A tsakar gidansa ta sami Ottmar yana wasa almakashi. Bai ma tsaya musu ba.

"Ni ne. In zuba ido itatuwan Alois su mutu saboda taurin kan 'yarsa? Sau ɗaya ne tak. Babu wanda ya gani, kuma kafin kaka ruwa ya wanke komai. Ki yi shiru, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Kawu, ni na gani ai."

Ta juya ta fita. Wata biyu ba ta yi masa magana ba, a ƙauyen da hanyarsa ɗaya ce.

Abin haushin, maganin ya yi aiki. Gonar sama ta yi inabi irin wanda ba ta taɓa yi ba. Da mai binciken hukuma ya zo, wani siririn mutum mai tabarau, ya duba littattafanta ya yaba, har ya ɗauki biro zai sa hannu. Roswitha ta ce ya dakata, ta gaya masa an feshe gonar sama ranar kaza.

Mutumin ya ajiye biro. "Kin san abin da wannan yake nufi? Tambari ya fita daga gonar, sai bayan shekara uku. Wa ya taɓa tutocin? In akwai mai laifi, ana iya kai shi ƙara."

"Tutocina ne. Ni ya kamata in tsare su, ban tsare ba. Rubuta haka."

Haka ya rubuta. Giyar shekarar ta fita da farar takarda babu tambari, wasu masu saye suka janye, ita kuwa ba ta yi wa kowa bayani ba. Mu dai mun san Ottmar ya daina zuwa teburin da tsofaffin ƙauyen suke haɗuwa hira ranar Lahadi, kuma duk lokacin sanyin nan ba a ji dariyarsa ba.

Da bazara ta hau ɗaure rassa, sai ta hango jajayen tutoci suna kaɗawa a gonar Ottmar, kusurwa huɗu. Yana zaune a kan katanga, hularsa a gwiwa.

"Na cire sunana daga masu jirgi," in ji shi, bai dube ta ba. "Ba zai ƙara matsowa gefen nan ba. Sai dai bayana ba zai ɗauki tankin ba, Rosi. Shekarata saba'in da tara. Ban ma sani ba ko zan ga ƙarshen shekara ukun nan."

Roswitha ta dubi gonarsa tun daga ƙasa har sama, ta ji gwiwoyinta sun soma ciwo tun ba ta taka ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai sake ta ba.

"Ji mutum, ya yi laifi kuma ya ƙara mini aiki. Za ka gani, Kawu, dole ne, don ban yafe ba sai ranar da tambari ya dawo. Matsa in zauna."