Hannuwan Mikail

Gwaggona Phoebe Dzarma ta yi shekara talatin da ɗaya tana renon 'ya'yan baƙi a Maiduguri. Baƙin ƙasashen waje nake nufi: malaman makaranta daga Indiya, wani injiniya daga Masar, likitoci daga nan da can. Ta zo daga Biu tana budurwa, ta yi aure a nan, mijin ya rasu, ɗanta ɗaya ya girma ya koma Legas. Mu muka zauna da ita a gidanmu na Dala. Duk unguwa Mama ake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Dokokinta biyu ne, kuma ba ta sassautawa. Ba ta tura yaro a keken jarirai, goya shi take yi, ko ɗan waye. Ta ce yaron da bai ji ɗumin baya ba bai san an haife shi ba. Sannan ba ta raka kowa filin jirgi. Ranar tafiya takan yi wa yaro wanka, ta shafa masa mai, ta miƙa wa uwarsa, ta ɗauki jakarta ta dawo gida. Sau shida ta yi haka, ban taɓa ganin hawayenta ba.

Na bakwai shi ne Mikail. Ubansa Dakta Sa'id likitan ido ne daga Pakistan, uwarsa Rahmat tana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. A Maiduguri aka haife shi, a shekarar da aka hana acaɓa, lokacin da baƙi ke ta tattara kayansu suna barin gari. Su ba su tafi ba. Likita ya ce idan ya tafi, wa zai cire wa tsofaffin Konduga yanar ido? Amma akwai wata baƙar jaka a bayan ƙofar falo, da fasfo uku a ciki da kayan yaro na kwana biyu. Rahmat ta nuna wa Mama jakar tun ranar da ta fara aiki.

"Mama, mu manya za mu iya jurewa," in ji ta. "Ranar da abin nan ya taɓa yaron, mun tafi."

Mama ta ce to, ta ɗauki yaron ta goya.

Rayuwar gidan ba ta da wani abin mamaki. Iyaye su fita ƙarfe bakwai a motar asibiti, su dawo kafin dokar hana fita. Rahmat ta murza gurasarsu ta gida, ta yanka wa yaro ƙanana, ya tauna ya tofar. Mama ta dama kunun gyaɗa, ya shanye ya miƙo kofi. Da ya fara cin abinci sosai sai ya zama ɗan tuwo da miyar kuka, uwarsa ta yi fushin kwana biyu, daga baya ta zo kicin da littafi ta ce a koya mata. Ranar Lahadi ana kunna kwamfuta a nuna shi ga kakarsa a Lahore. Tsohuwa ta yi ta yi masa yarensu, shi kuma ya dube ta ya ce, "Zo ki ci." In aka ji ƙara daga cikin gari, Mama takan ce taya ce ta fashe, ta ƙara muryar rediyo. Mikail ya girma yana zaton babu garin da ya kai Maiduguri lalatattun tayoyi.

Maigida Mama take kiransa. "Maigida, yau ma ba ka ba da na cefane ba?" Shi kuwa sai dariya.

Kowace safiya takan goya shi zuwa 'yar kasuwar bakin titi, wajen Ya Zainaba mai kayan miya. Iyayen sun sani, sun kuma yarda, don tafiyar minti goma ce. Ya Zainaba ce ta koya masa "wushe", gaisuwar Barebari, yana faɗa tana ba shi tumatir ɗaya. Abin da iyayen ba su lissafa ba shi ne shingen sojoji da aka kafa tsakanin gidan da kasuwar. Su a mota suke wucewa, a sauke gilashi, a ga likita, a ɗaga musu hannu. Mu masu tafiya a ƙasa kuwa, a shekarun nan, ko a keke kake sai ka sauka, ka ɗaga hannu biyu sama, ka wuce buhunan yashi a hankali, ba waige. Mama ta yi hakan sau biyu a rana har ta daina lura. Ba ta taɓa tunanin wanda ke bayanta yana kallo ba.

Yana da shekara ɗaya da wata takwas aka ɗinka wa Alfred maigadi sabon kaki, har da hula. Ranar da ya fara sawa, Mikail yana tsakar gida yana bin ƙadangare. Da ya hango shi sai ya tsaya cak. Ya ɗaga hannu biyu sama, ya sunkuyar da kai, ya taka a hankali da 'yan ƙafafunsa har ya wuce shi, sannan ya sauke hannu ya ci gaba da neman ƙadangarensa.

Alfred ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mama ma ta fara dariya, sai ta gane a shinge ya koya, ta daina.

Daga nan ta shiga ɓoyo, kuma ni ce shaida, gwaggona ba ta iya ɓoyo ba. Ta roƙi Alfred ya riƙa cire rigar kafin iyayen su dawo. Ta daina fita da yaron, ta ce wa Rahmat rana ta yi zafi. Ta riƙa ba shi lemo a kowane hannu, ta sa Alfred ya gifta, wai ko nauyi zai hana shi. Mikail ya ɗaga hannu har da lemon. Ta gwada tsawa, ya yi kuka, hannu na sama. Sati biyu tana dawowa gida ba ta cin abincin kirki.

Wata Asabar da yamma muna tsince shinkafa ta faɗa mini komai. Ni kuwa na ba ta shawarar da nake ganin ta hankali ce, har yau ban ce ƙarya na yi ba.

"Mama, ki yi shiru. Wane yaro ne a garin nan ba ya yi? Jiya na ga yaran makwabta suna wasan shinge da bulo, har da mai duba jaka. Zai manta. In kin faɗa, tafiya za su yi, kuma kin san babu wasu baƙin da za su zo. Wannan ne na ƙarshe."

"Na sani," ta ce.

"To?"

Ta daɗe tana juya shinkafa a faranti. "Namu ba su da inda za su je. Shi yana da shi."

Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ga mace mai shekara hamsin za ta ɗauki abin da ya rage mata ta miƙa da hannunta, ba wanda ya tambaye ta.

Ranar Litinin ta isa gidan da wuri, kafin motar asibiti ta zo. Ta ce wa Likita da Rahmat su fito baranda, akwai abin da za ta nuna musu. Ta sauke Mikail a tsakar gida, ta kira Alfred, ta ce ya sa hularsa. Ba ta yi wani bayani ba, yaron ne ya yi. Ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Da ya sauke hannu sai ya juyo yana murmushi, yana jiran a yaba masa.

Rahmat ta zauna a kan matakala. Likita ya cire tabarau ya riƙe.

"A bayana ya koya," in ji Mama. "Ni na kai shi."

"Ba ke kika kafa shingen ba, Mama," Likita ya ce. Rahmat ta tashi ta shiga falo, suka ji ta jawo jakar nan daga bayan ƙofa.

Sati uku suka yi suna sallama. Rahmat ta rubuta yadda ake kunun gyaɗa, ta ɗaure garin kuka a leda uku. Ranar tafiya Mama ta yi wa Mikail wanka, ta shafa masa mai, ta miƙa shi. Bai yarda ba, sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga zaninta. Ta dawo gida ƙarfe goma na safe, ta ce kanta na ciwo. Ba ta sake reno ba. Ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har yau shi take yi.

Kafin shekara ta zagayo aka yanke layukan waya a Borno, muka yi watanni ba labari. Sai bayan an dawo da su, da daɗewa, saƙo ya shigo wayata daga Rahmat, ɗan bidiyo na rabin minti. Mikail ne, ya yi tsawo, da jakar makaranta a baya. A ƙofar makarantar akwai maigadi da kaki da hula, har da bindiga a kafaɗa. Yaron ya zo da gudu ya wuce ta gabansa, ko kallo bai yi masa ba. A ƙasa Rahmat ta rubuta cewa ya daina cin tuwo, Hausar ma ta tafi, ta nuna masa hoton Mama ya tambaya wace ce.

Da na kai wa Mama wayar, na so in tsallake wannan layin, amma ta ce in karanta duka. Na karanta. Ta karɓi wayar ta kalli bidiyon sau huɗu, hannuwansa kawai take kallo.

"Ya manta ki, Mama," na ce.

"Ya manta duka," ta ce. "Ai tare muke, ni da shingen."

Ta miƙo mini wayar, ta goge ido da bakin zani, ta ce in ajiye mata shi kada ya goge. Sannan ta koma wajen teburinta, don akwai mai jiran gyaɗa.