Ranar da Aka Yi wa Baba Hoton Masu Ciki

Mahaifina manomi ne a Dosara, kuma taurin kansa ya fi na ƙasar da yake nomawa. A wata damina amai da gudawa suka kama shi, amma sai da ya kwana biyu yana shan jiƙo kafin ya yarda a kawo shi wurina Talata Mafara, inda nake koyarwa. Ko da muka isa asibiti da hantsi, idanunsa sun faɗa, harshensa ya bushe. Aka ce ƙarin ruwa yake buƙata nan take.

Sai dai jijiya ta ƙi samuwa. Aka ɗaure dantse, aka bubbuga bayan hannu, aka soka nan aka soka can har sau shida, babu jini ko ɗigo. Ina tsaye ina kallo, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Babbar nas ɗin, wata Kirista da ta daɗe a garin har Hausarta ta koma irin tamu, ta fita ta dawo tana turo wata na'ura mai allo kamar talabijin. Ta ce da ita za ta hango jijiyar da ta ɓuya a ƙarƙashin fata. Baba ya buɗe ido, ya gane na'urar sarai, don ya taɓa raka matar ƙanensa awon ciki.

"Wagga ba ita ce anka ɗora ma mata masu ciki ba?" in ji shi. "Ba a sa min ita. In mutuwa ce, in mutu da girmana."

Na roƙe shi har da kuka, ya juya fuska bango. Ni na san ba na'urar yake tsoro ba. Taubashinsa yake tsoro, ɗan gwaggonsa, wanda ya taso daga Bakura da jin labari, ga shi zaune a bakin gado. Shekara sittin suna wasan taubasantaka, ba wanda ke raga wa wani. In wannan magana ta shiga bakinsa, har kasuwar Maradun sai an tambayi Baba cikinsa wata nawa ne.

Taubashin ya dube shi jim kaɗan. Shi kansa mutum ne da ko warin asibiti ba ya so. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa wa nas.

"Ɗiyata, fara da ni," ya ce. "In ga ko nawa cikin ya fi nashi tsufa."

Nas ta danne dariya, ta shafa masa wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'urar a dantsensa. Wani baƙin zagaye ya fito a allo, ta danna ya lotsa, ta ce ga jijiya nan. Taubashin ya juya ga Baba.

"To, an yi min. In ka faɗi nawa, in faɗi naka."

Baba ya miƙa hannu. Nas tana kallon allo, ta tura allura a hankali, sau ɗaya tak jini ya leƙo. Kafin la'asar jakar ruwa ta uku tana tafiya, Baba yana faɗan an sa wa kununsa sukari da yawa.

Shekara huɗu ba wanda ya ji wannan labari daga bakinsu. Bara taubashin ya rasu. A wurin zaman makoki, gaban dattawan Bakura da na Dosara, Baba da kansa ya ba da labarin tun daga farko, bai rage komai ba. Mutane suna ta dariya, shi ma yana yi, hawaye na bin gemunsa.